Allon da Ba Ya Mantuwa

Durgham bai taɓa mutuwa da laifin kansa ba. Wannan duk unguwar Zayyuna ta Bagadaza an sani, don shi da bakinsa yake sanarwa, da ƙarfi, duk sa'ad da aka harbe shi. Yau intanet ne ya yi nauyi. Gobe mai injin unguwa ne ya rage wuta. Akwai ranar da ƙuda ya sauka masa a yatsa. Amma babban mai laifi, wanda ya fi kowa shan zagi har da na iyaye, shi ne allon kwamfutarsa.

Ƙungiyarsu ta mutum biyar ce, kamar yadda wasan harbin ya tanada: biyar nan, biyar can, wanda aka kashe ya zauna yana kallon 'yan'uwansa har zagaye ya ƙare. Durgham ne ya kafa ta tun yana saurayi. Shi ya raɗa mata Gaggafan Zayyuna, shi ya zana tambarin da ke jikin rigunansu, wani tsuntsu da ya fi kama da kazar da ruwa ya doka. A zamaninsa, gaskiya, ya yi hannu. Mutane kan bar shayinsu ya huce su tsaya bayansa a shagon wasa don su ga yadda yake ɗauke kai daga nesa. To amma shekaru sun ja, tumbi ya fito, zaman ofis ya ci kafaɗa. Yatsan da a da yake riga ido, yanzu sai ido ya gani, ya kai rahoto, an sa hannu, sannan ya danna.

Ba wanda ya faɗa masa. Abokai ne, kuma mutumin akwai baki.

Allonsa na farko irin wanda ake kira TN ne, 'yan Titin Sina'a kuwa, wato kasuwar kwamfutocin garin, ɗan tsere suke ce masa. Sauri kam ba a magana, kafin ka gama motsa hannu ya nuna. Sai dai launinsa kamar rigar da ta sha wanki da rana, kuma in ka ɗan kalle shi ta gefe ko ta sama sai hoton ya dushe. Da wannan allon Durgham ya yi duk sunan da ya yi. Da mutuwa ta fara yawa, sai ya gano cewa abokan gaba a cikin koɗaɗɗun launukan nan suke ɓuya. Ya naɗe shi a bargo ya kai wa Dakta Nabras, wani likitan haƙori marar magana da ke raɓe da ƙungiyar, wanda ake kira in wani ya tafi biki ko zaman makoki.

"Dakta, riƙe wannan ka koyi rarrafe," in ji shi. "In ka fara tafiya ka zo in nuna maka na manya."

Dakta ya ce ya gode. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Na biyu VA ne. Baƙinsa baƙi ne na gaske, amma in ka juya da sauri duk abin da ke da duhu sai ya ja jela, kamar kwalli a fuskar mai kuka. Durgham ya rantse da kabarin mahaifinsa cewa jelar yake harbi, mutumin ya riga ya wuce. Na uku IPS ne, ɗan kwalliya, launi kamar ka sa hannu ka tsinki rumman ɗin da ke ciki. Shi kuma kusurwoyinsa ne ke ɗan haske in wuri ya yi duhu. Ko ba a faɗa ba, duk wanda ya kashe Durgham a wannan zamanin daga kusurwa ya fito.

Ana cikin haka gasar da za a yi a birnin Arbil ta matso. Wata la'asar, Laith mai shagon aski, abokinsa tun firamare, ya kira shi wurin mai shayi. Wisam ma yana nan, ɗan ƙungiyar da Allah ya hore wa harshe ya hana shi birki.

"Kyaftin, zauna mu yi magana irin ta 'yan'uwa," in ji Laith.

"In maganar jiya ce, kai ma ka ga kusurwar nan da idonka. Haske take yi kamar an kunna..."

"Na gani. Ba ita ba ce. Arbil kujera biyar ce, mu kuma shida ne."

"To sai a ba Dakta haƙuri mana. Mutumin kirki ne, zai fahimta."

Laith ya sa cokali a ɗan kofin shayinsa ya yi ta juyawa, har sukarin ya gaji da narkewa. Wisam ne ya kasa haƙuri.

"Kyaftin, don Allah mu daina ɓoye-ɓoye. Kullum kai ke riga mu lahira ka shimfiɗa mana tabarma. Mu huɗu muke wasa, kai kana mana sharhi."

"Ni? Ni da na koya maka riƙe linzamin kwamfuta, lokacin da ko ƙofa ba ka iya buɗewa a wasan nan?"

"Ka koya mini, Allah ya saka. Yanzu kuma kana koya mini yadda ake faɗuwa."

Durgham ya ji abin har cikin ƙashinsa, don ƙungiyar nan ita ce kaɗai abin da ya taɓa ginawa da hannunsa. A ofis shi ba kowa ba ne, mai buga hatimi ne a hawa na biyu. A gida ɗan Hajiya ne da ake aika sayo burodin da ake kira samun da safe. A nan kaɗai ake ce masa Kyaftin. Ya miƙe ya buga tebur, shayi ya fantsama.

"Ku ba ni lokaci in samo allon da ya dace da hannuna. Ba ku taɓa ganina a kan allo na gaske ba, shi ya sa."

Aka tsaya a kan haka. Dakta zai riƙe kujerar na wucin gadi. Durgham zai je ya yi atisaye shi kaɗai. Kafin a aika sunaye Arbil za a haɗu a shagon wasa, kowa da allonsa, shi a gefe guda Dakta a gefe guda, wanda ya fi ya ɗauki kujera ta biyar.

Washegari sai ga shi a Titin Sina'a, shagon Abu Ra'ad. Abu Ra'ad na ƙaunar Durgham irin ƙaunar da mahauci ke yi wa rago mai ƙiba. Alluna biyu na baya duk a hannunsa aka saya, kuma in ka lura rumfar shagon sabuwa ce.

"Ustaz Durgham! Titi ya yi haske. Zauna, hasken idona, bari in sallami bawan Allahn nan."

Bawan Allahn ya kawo allo ne na hannu zai sayar, yana ta rantsuwa aikin ofis kawai aka yi da shi. Al'adar titin ce, duk allon da ya taɓa zama a hannun wani, kafin a buɗe baki a yi ciniki sai an cika shi da launin toka, fili guda babu komai. A nan allo ke amayar da abin da ya haɗiya. Abu Ra'ad ya danna, toka ta cika fuska, sai ga wata inuwa a kusurwar sama, 'yar akwati mai gida biyu.

"Aikin ofis, ko? Ɗan'uwa, ga gurbin sakamakon ƙwallo nan ya zauna daram. Wane ofis ne wannan? Suna ɗaukar ma'aikata?"

Shago ya ɗauki dariya. Ta Durgham ta fi ta kowa ƙarfi, har da riƙe ciki. Mutumin ya naɗe kayansa ya fita yana ƙunƙuni.

Sannan Abu Ra'ad ya ja Durgham can ciki, ya yaye wani ƙyalle a hankali kamar mai buɗe fuskar amarya.

"Ustaz, duk waɗancan da na sayar maka yara ne. Ga ubansu. OLED. Ba shi da fitila a baya, kowane ɗigo shi ke kunna kansa ya kashe kansa. Baƙinsa kabari. Saurinsa ya wuce na ɗan tsere. Ba jela, ba hasken kusurwa. Kuma ka tsaya ta gefe, ta sama, ta ƙasa, ko daga bakin ƙofa, hoto ɗaya za ka gani."

"Ko daga bakin ƙofa?" in ji Durgham. Ya riga ya hango jama'a cike a bayansa kamar da.

"Ko daga tsallaken titi, wallahi."

Babur ɗinsa ya tafi a kan wannan allon, har da IPS ɗin a matsayin ciko. Sai da aka gama komai, kwali ya shiga tasi, sannan Abu Ra'ad ya leƙo ta taga ya yi maganar da ya kamata ya fara yi.

"Yana da 'yar al'ada, Ustaz. In ya nemi hutu ka ba shi. In ka kashe shi kuma kar ka zare daga bango, a lokacin yake wanke kansa."

Durgham ya ɗaga hannu, ya rungume kwalin. Ko kalma ɗaya ba ta shiga ba.

Ko da ta shiga ma, akwai Hajiya. Tun shekarar da wutar gwamnati ta dawo da hauka ta ƙone mata firji, Hajiyar, wato Ummu Durgham, ta ɗaura yaƙi da soket. Duk abin da ba a amfani da shi a wannan daƙiƙar, zare shi take yi. In wutar gwamnati ta ɗauke ana jiran ta inji, ta zare. In ta inji ta tafi ana jiran ta gwamnati, ta zare. Da Durgham ya tashi daga kujera zai shiga banɗaki, za ta biyo bayansa da silifas ɗinta, fit, ta cire filogi ta rataye a bayan kujera. Duk Bagadaza haka iyaye mata suke yi, kuma ba wanda ya isa ya ce musu ba su da gaskiya.

Shi kuwa allon, bawan Allah, yakan roƙa. Bayan an daɗe ana wasa sai ya fito da ɗan rubutu cikin ladabi, yana neman a bar shi ya huta ya gyara kansa. Akwai inda za ka danna "to", akwai inda za ka danna "anjima". Durgham bai taɓa danna "to" ba. Wa ke da lokacin hutu, ga Arbil a gaba?

A yi masa adalci a nan, mutumin ya yi aiki. Ya buɗe sabon suna a wasan, wanda ba kowa ya sani, don kar a riƙa leƙa masa. Daga ofis sai kujera. Juma'a da Asabar kuwa tun bayan karin kumallo har Hajiya ta kira shi cin dolma, ganyen inabin da aka cusa wa shinkafa, ya ci a tsaye ya koma. Ya ƙure hasken allon har ƙarshe don kar wani ya ɓuya masa. Zafi ya wuce, sanyi ya shigo, yana nan. Kuma allon bai yi ƙarya ba. Ba jela, ba kusurwa, ba koɗewa. Yanzu Durgham yana ganin wanda zai kashe shi tar-tar, har da maɓallin rigarsa, kafin ya kashe shi.

Abin da yake aika wa abokai kuwa daban ne. "Yau na share mutum huɗu ni kaɗai." "Ku gaya wa Dakta ya fara neman haƙoran da zai cire ranar gasa, don zai samu lokaci." Ya ɗauki hoton allon ta gefe, ta sama, ta baya, ya cika musu waya. Duk wanda ya ce zai sayi allo a unguwar sai ya sha lacca a kan ɗigon da ke kunna kansa.

Ana saura 'yan kwanaki a yi gwajin, wani hantsi, Hajiya ta shigo ɗakinsa da wayarta.

"Durgham, ɗora mini hoton labulen nan a kan talabijin ɗinka in gani da girma. 'Yar Ummu Sabah maƙwabciyarmu ta turo, wai ruwan toka ake yayi."

Ya ɗora. Labulen ya cika allon, sumul, toka daga sama har ƙasa. Hajiya ta gyara tabarau, ta matso, ta ƙara matsowa. Sai ta fara haɗa baƙi a hankali, yadda take karanta takardar magani.

"An... ka... she... ka. Innalillahi! Wa aka kashe? Durgham, wa aka kashe?"

"Ba kowa, Yumma. Ina kika ga..."

Sai ya gani. A tsakiyar labulen, daga wannan gefe zuwa wancan, wata inuwa ta kwanta, shara-shara amma ana karantawa. AN KASHE KA. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe: jira zagaye na gaba. Rubutun da wasan ke ɗora wa matacce ne, wanda ke tsayawa cak a wuri ɗaya har 'yan'uwansa su gama. Ya duba kusurwar ƙasa, inda ake nuna wa mai rai yawan harsashinsa da sauran lafiyarsa. Can ma akwai inuwa, amma sai ka ƙura ido kafin ka gan ta. 

"Ni dai ba na son labule mai wannan rubutun," in ji Hajiya. "Mugun fata ne." Ta fita, ta zare filogin a kan hanyarta.

Ya goge da tsumma. Ya fesa ruwan wanke gilashi. Ya danna "to" a karo na farko a rayuwarsa, ya zauna gadin soket kamar mai jinya, yana hana uwarsa matsowa. Allon ya yi wankansa ya gama, inuwar ta ɗan yi sanyi, amma tana nan. Ya kira Abu Ra'ad.

"Ustaz, ai na gaya maka ta taga. Wannan ba datti ba ne, ƙuna ce. Abin da ya fi daɗewa a kansa shi yake riƙewa. Me ya fito maka?"

"Taswira," in ji Durgham. "Da gurbin harsashi."

"To ai wannan ado ne ga ɗan wasa, hasken idona. Shaidar aiki ce. In kuma ya dame ka, akwai wani sabo da ya shigo..."

Durgham ya kashe wayar.

Barin allon a gida ba zai yiwu ba. Watanni ya yi yana cika baki a kansa, kuma duk hujjarsa ta neman kujera ita ce allon. Ya je ba shi, ya amsa laifi ke nan tun kafin a tambaye shi. Sai ya zauna ya yi tunani irin na kyaftin. Inuwar ba ta fitowa a kan baƙi, ba ta fitowa a kan hoto mai hayaniya. Toka kawai take so. A cikin wasan kuwa abu ɗaya ne ke cika fuska da toka, gurnetin hayaƙi. In ba hayaƙi, ba magana.

Ranar Juma'a bayan an ci abinci, shagon wasa ya cika. Labari ya zaga cewa Kyaftin zai dawo da allon da ake gani daga tsallaken titi. Ya shigo da shi a naɗe cikin bargon Hajiya mai hoton dawisu, ya ajiye, ya kunna. Ya riga ya mai da fuskar kwamfutar baƙa ƙirin. Jama'a suka yi ta salati, wani ya sa hannu ya taɓa don ya tabbatar a kunne yake. Durgham ya ji wani daɗi ya ratsa shi, irin wanda ya manta da shi. A can ɗaya layin Dakta Nabras ya zauna gaban tsohon ɗan tseren nan, wanda har yanzu akwai tabon kofin shayin Durgham a ƙafarsa. Ba kowa a bayansa.

Aka raba mutane, aka cike gurbi da 'yan shagon. Laith zai tsaya alƙali. Wisam ya faɗa gefen Dakta.

"Kafin mu fara," in ji Durgham, ya miƙe, "ina da shawara. Hannu muka zo gwadawa, ba ɓuya ba. Hayaƙi aikin matsorata ne. Yau a yi wasan maza, ba wanda zai jefa."

"Kai da ka rubuta mana darasi guda a kan hayaƙi?" in ji Wisam. "Har da zane?"

"Na girma. Dakta, ka yarda?"

Dakta ya ɗaga kafaɗa. "Duk yadda ka ce, Kyaftin."

Aka fara. Zagaye na farko, abin mamaki, Durgham ya kashe mutum kafin a kashe shi. Shago ya ɗauki ihu. Da jan rubutun mutuwa ya fito ya rufe inuwarsa, ba wanda ya lura da komai. Na biyu ya mutu da wuri, ya ce linzamin ne ya zame a kan teburin shagon. Na uku ya rayu har ƙarshe a bayan wata tankar ruwa, bai harbi kowa ba, amma ya rayu. Ya fara jin cewa wataƙila, wataƙila fa, abin zai yiwu. Mutane sun yi dafifi a bayansa, wasu a gefe, wasu sun hau kujera, kuma kamar yadda Abu Ra'ad ya yi alkawari, kowa hoto ɗaya yake gani.

Shi kuwa Wisam, tun da aka ce kar a jefa hayaƙi yake jin hannunsa na ƙaiƙayi. Bai san dalilin dokar ba. Ya dai san Durgham tun suna yara, ya san ba ya hana abu sai da walakin. A zagaye na gaba, Durgham na tsugune a bakin wani lungu ya saita bindiga, sai wani ɗan gwangwani ya gangaro ya tsaya a gaban ƙafarsa. Ya yi tsss.

Toka ta cika allon daga sama har ƙasa.

Da farko shiru aka yi, irin shirun da ake yi in wani ya saki iska a sahu. Sai wani dattijo mai gyaran waya, wanda ya shigo kallo kawai, ya karanta da ƙarfi don amfanin na baya.

"An kashe ka. Jira zagaye na gaba."

"Ai bai mutu ba," in ji wani. "Ga lafiyarsa nan a cike."

"Ƙuna ce! Wallahi ƙuna ce! Ku duba, ya zauna a jikin allon!"

Duk wanda ke shagon nan ɗan Titin Sina'a ne ta wata fuska, ba wanda ke bukatar a yi masa fassara. Wisam ya cire abin kunnensa ya zagayo da gudu, ya leƙa, ya dafa bango.

"Ina gurbin harsashin? Jama'a ku taya ni nema! Kyaftin, wata nawa ka yi kana atisayen mutuwa?"

"Hajiya ce," in ji Durgham. "Ita ke zare filogi. Allon ba ya samun..."

"Hajiya ce ta zaɓa masa abin da zai riƙe?" in ji Wisam.

Dariyar ta fashe gaba ɗaya, har mai shagon ya fito daga bayan kanta. Durgham bai juya ba. Idonsa na kan inuwar, hannunsa na kan linzami, bai motsa ba. Ta cikin hayaƙin wani mutum ya fito a natse, ba gaggawa, kamar mai shiga ɗakin majinyaci da allura a hannu. Durgham ya gan shi sarai. Allon bai ɓoye masa komai ba, har maɓallin riga. Ido ya gani, ya kai rahoto. Kafin a sa hannu Dakta ya harba.

Jan rubutun ya fito ya zauna daidai a kan inuwarsa, harafi a kan harafi, ko gashi bai kauce ba, kamar mutum ya dawo kan katifar da ta san jikinsa.

Laith bai bari an ƙarasa wasan ba. Ya kori mutane baya, ya jawo kujerar roba ya zauna kusa da abokinsa. Shi bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

"Ka yi aiki, ɗan'uwa," ya ce a hankali. "Wallahi ban san ka zauna haka ba. Na ɗauka cika baki ne kawai. Abin nan ba ya ƙonewa a kwana biyu."

Durgham ya cire abin kunnensa ya ajiye a kan tebur. Laith ya ci gaba.

"Kujerar ta Dakta ce, kai ma ka sani. Amma ka zo Arbil. Ana yarda da mutum ɗaya ya tsaya a baya ya riƙa lura, ya ba da shawara tsakanin zagaye. Duk cikinmu ba wanda ya kai ka daɗewa yana kallon wasan nan."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Da Wisam ne ya faɗa, da Durgham ya samu wanda zai zaga.

Aka sake jera kujeru don Gaggafa su gwada sabon sahunsu. Mutum biyar suka zauna. Jama'a suka kwashe daga bayan allon da ake gani daga tsallaken titi, suka koma bayan Dakta, suna turereniya, don tsohon ɗan tseren nan sai ka tsaya saitinsa kake ganin abin kirki. Durgham ya tashi ya bi su. Ba a matsa masa ba, sai gefe ya samu. Daga inda yake hoton ya dushe, launin ya wanke, da ƙyar yake rarrabe mutum da bango. Dakta ya ɗauke kan wani daga nesa, shago ya ɗauki ihu irin wanda Durgham ya sani.

Ya buɗe baki zai ce daga nan ba a ganin komai, allon ne. Ya dubi ƙeyoyin da ke gabansa, ba wadda za ta juyo. Sai ya rufe bakin, ya koma ya zare filoginsa daga bango da hannunsa, ya fara shimfiɗa bargon Hajiya.